Shekarar da Ruwa Ya Ci Injin Alhaji Sabo a Tailan

Wai har an zo zamanin da mutum zai kalli bidiyo a waya ya ce ya san ƙasar Tailan. Ina zaune da yamma a teburin mai shayi nan bakin Sharaɗa, 'yan shiftin rana suna fitowa, sai Nura, mai yanke gefen bokiti a kamfanin robar da ke bayanmu, ya miƙo mini wayarsa. Wata baturiya ce a ciki tana yawo a bakin teku. Yashi fari tas, ga kwakwa, ga giwa ana yi mata wanka, ga ɗakunan bauta masu rufi kamar zinare.

"Baba Hamisu, ashe nan kuke zuwa?" in ji shi. "Wallahi kun more. A biya muku jirgi, a biya otal, ku nuna wa Alhaji inji ku dawo. Ni ma da na sami fasfo wannan sana'ar zan kama."

Sauran suka ce ai ba wuya, yanzu waya ma tana yin tafinta, tana nuna hanya.

To, tunda ba wuya, ku gyara zama.

Ni makanikin injin roba ne. Na yi Bompai, na yi Sharaɗa, hannuwan nan sun sha ƙuna da narkakkiyar roba kafin wani ya yarda ya aike ni ko Legas. Sana'ar da kuke raina wa kuwa ita ce rakiya. Mai kamfani a Kano yana son inji na hannu, na silifa ko na bokiti ko na leda, ba ya iya sayen sabo. Kewayen Bankok, babban birnin Tailan, cike yake da kamfanonin roba, kuma suna sauya inji tun yana da sauran rai. Wutarsu irin tamu ce, ba sai an canja wa inji moto ba. Sai mai kamfani ya nemi wanda ya san inji, ya kuma san ƙasar, ya raka shi. Sanin inji shi ne mai sauƙin.

Wanda ya koya mini shi ne Malam Idi, mutumin Maraɗi, Allah ya ji ƙansa. Tafiyata ta farko da shi, jakarsa kawai na ɗauka, alhali ina da mata da 'ya'ya a gida. Na ci kwalliya da shadda mai sitati, har da hula zanna. Ya kalle ni sama da ƙasa a filin jirgi, ya miƙo mini jakar. Muna sauka aka buɗe ƙofa, sai na ji kamar an kifa mini tukunyar dambu a fuska. Ku kuna ganin kun san zafi don kun tashi a Kano. Zafinmu busasshe ne, ka shiga inuwa ka huta. Nasu jiƙaƙƙe ne, inuwa ba ta yi masa komai, gumi ba ya bushewa. Kafin mu sami mota shaddar nan ta manne mini a baya kamar tsumman goge inji. Sai a lokacin Malam Idi ya yi magana. Ya ce, "Gobe ka sa riga mai shan iska. Nan ba gidan suna ba ne."

Jakar tasa da na yi ta ɗauka, ba abin burgewa a cikinta. Tocila, ƙaramin madubi a ɗaure jikin waya don leƙa ƙarƙashin inji, maganaɗisu, ma'aunin kauri, dogon sukudireba, farin ƙyalle. Sai buta, da ɗan agogon alƙibla, da yaji a gwangwani, da takalmin roba. Har yau su nake ɗauka, ban ƙara komai ba sai tabarau.

Injin farko da muka je gani, a wani sito yake kudu da birnin, kusa da inda kogi ke shiga teku. An yi masa sabon fenti kore shar, yana ƙyalli. Alhajin da muka raka har ya fara murmushi. Malam Idi bai ko kalli fentin ba. Ya sa aka tada injin, ya bar shi ya yi zafi, ya ɗora bakin sukudireba a jikin famfon mai, ya kafa kunnensa a ƙotar. Sannan ya tsoma maganaɗisu cikin tankin mai ya fito da shi, sai ga garin ƙarfe ya lulluɓe shi kamar gashin baki. Ya goge a farin ƙyallen, ya nuna wa mai siton, ya yi masa murmushi, ya gode masa, muka fita. A mota na ce, "Malam, ai wannan macuci ne, me ya sa ba ku gaya masa ba?" Ya ce, "Ya gani a ƙyallen. In na faɗa da baki na tozarta shi gaban yaransa, kuma gobe ƙaninsa ne zai sayar mana da mai kyau." Haka kuwa aka yi.

Wannan shi ne abin da wayarku ba za ta fassara muku ba. Mutanen nan ba sa son ɗaga murya. Mu a nan ciniki sai an yi hayaniya, an yi rantsuwa, an tashi an dawo, a ƙarshe a sha ruwa tare. Can in ka ɗaga murya ka zubar da mutuncinka, ka zubar da na wanda kake wa, kuma ba zai rama ba. Murmushi zai yi maka. Suna murmushin farin ciki, suna na kunya, suna na fushi, duk haƙoran ɗaya ne. Ba a taɓa kan mutum, ko na ƙaramin yaro. Ba a nuna abu da ƙafa, ba a miƙa wa mutum tafin ƙafa. Ofis da yawa sai ka cire takalmi a bakin ƙofa. A ƙofar kusan kowane kamfani za ka ga ɗan ƙaramin gida a kan ginshiƙi, an ajiye masa furanni da jan lemon kwalba. Ba addininka ba ne, ba ruwanka, ka wuce. Na taɓa raka wani da ya tsaya yana nuna shi yana dariya. Mun dawo Kano ba inji.

Abinci kuwa, baturiyar wayarku tana bin titi tana ɗanɗana duk abin da ta gani. Ku gwada. Naman alade yana cikin miya, yana cikin man suya, yana cikin abin da za ka rantse kifi ne. Sai ka koyi neman alamar wata da tauraro a jikin rumfa, ko mace mai lulluɓi a bayan tukunya. Akwai Musulmi, suna da masallatai a unguwanninsu, yawanci bakin magudanan ruwa, kuma shinkafa da kazarsu ba ta da na biyu. Amma sai ka san inda suke. Alhazan da nake rakawa, rabinsu da biredi da shayi suke rayuwa har mu dawo, suna zagin ƙasar. Wani ya sayi wani ɗan itace mai ƙaya kamar bushiya don ya ji ana yabonsa, ya fasa a ɗakin otal. Warin ya bi bene, sai da ma'aikata suka zo da hanci a toshe. Ni aka kira na ba da haƙuri.

Su ma masu kamfanin iri-iri ne. Akwai wanda yana sauka zai ce a kai shi kasuwar zinare, matansa sun yi saƙo, inji ya jira. Akwai wanda zai hau keken hayarsu mai ƙafa uku don yana kama da Adaidaita, direban ya zagaya da shi shagunan teloli, yini ya tafi. Akwai wanda zai tsallaka titi yana duban hagu, ya manta su a ɗaya hannun suke tuƙi, sai ka fizgo shi ta wuyan riga. Kai ne makaniki, kai ne tafinta, kai ne mai neman masallaci, kai ne mai raino.

Sannan lokaci. Wanda ya san ƙasar yana zuwa ne bayan daminarsu ta ɗauke, lokacin da iska ke ɗan sassautawa. In ka je a tsakiyar zafinsu, za ka tarar da bikin sabuwar shekararsu, kamfanoni a rufe, manya da yara suna watsa wa duk wanda ya gifta ruwa da bokiti. In ka je ƙarshen damina kuwa, to, ku ji abin da ya same ni.

Alhaji Sabo yana da kamfanin silifa a Challawa. Babban injinsa ya mutu murus, ya sallami ma'aikata su jira a gida. Yawancinsu mutanen Ringim da Gumel ne, suna haya a Na'ibawa da iyalansu. Yana so sabon inji ya iso kafin kuɗin kaka ya ƙare a hannun mutanen ƙauye, don lokacin ne silifa ke tafiya. A lokacin Malam Idi ya riga ya rasu, ni ke rakiya ni kaɗai. Na ce, "Alhaji, ku ɗan dakata. Na ji labari ruwa ya yi yawa a arewacin ƙasar bana, kuma duk ta Bankok yake bi ya shiga teku."

Ya ce, "Hamisu, ruwa ne ba mu taɓa gani ba? Ka nemo mana biza."

Muka je. Direban da nake aiki da shi can sunansa Dawud, Musulmin ƙasar ne, yana jin Turanci da ɗan Larabci, shi ne bakina da kunnena. Ya kai mu wani kamfani arewa da birnin, a tsakiyar gonakin shinkafa, ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar faranti. Mai kamfanin wata dattijuwa ce gajera, ma'aikatanta na kiranta da wani suna mai ma'anar babbar yaya, ni ma Yaya nake ce mata. Injin nata lafiyayye ne. Na saurare shi, na tsoma maganaɗisu ya fito fes. Ta haɗa mana da mol-mol ɗinsa, wato ƙarafan da ake zuba roba a ciki ta fito da siffar takalmi. Aka yi ciniki, inji ya zama na Alhaji. Saura a ɗauke shi zuwa tashar jirgin ruwa.

A nan aka sami matsala. Ruwan yana tahowa daga arewa a hankali, gari bayan gari, kowa ya sani, kowane kamfani yana neman tirela da motar ɗaga kaya ya kwashe abin da zai iya. Dawud ya sha wahala kafin ya samo mana wani mai tirela, ya kawo shi kamfanin, ya yarda zai zo da mota washegari. Sai dai ya tsawwala kuɗi, kamar yadda kowa ya tsawwala a makon. Na ce, "Alhaji, ku ba shi. Yau ba ranar ciniki ba ce."

Alhaji ya ce, "Ka gaya masa ni ba baƙon tirela ba ne. Ya je Kano wurin masu tirelar Dakata ya tambaya."

Ya hau mutumin nan da faɗa da Hausa, gaban Yaya, gaban ma'aikata. Ya buga tebur. Ya ɗora ƙafa a kan kujera, tafin ƙafar na kallon mutumin, yana nuna injin da babban yatsan ƙafar. Dawud yana fassarawa yana ragewa, amma jijiyar wuya ba ta bukatar tafinta. Mai tirela ya jira har Alhaji ya gama. Sannan ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji, ya yi murmushi, ya ce to, ya yarda da farashin Alhaji, gobe da safe.

Alhaji ya juyo yana gyara hula. "Ka gani? Haka ake yi da su."

Na ce, "Alhaji, ba zai zo ba."

"Ba ka ji ya ce to ba?"

Bai zo ba. Wayarsa ma ba ta ƙara shiga ba. Ni da Dawud muka bi garejin tirela ɗaya bayan ɗaya, ba ko guda a ƙasa. Alhaji yana otal a tsakiyar birni, inda aka tare ruwan da buhunan yashi, yana bugo mini waya yana cewa in kai ƙarar mutumin wurin 'yan sanda.

Safiyar da ruwan ya iso, rana ce tarwai, ba ko gajimare. Ku kuna zaton ambaliya da hadari take zuwa. Wannan ta cikin kwalbati ta ɓullo, ta gonaki ta malalo, baƙa, tana ɗauke da man inji da shara da matattun kaji. Da muka isa kamfanin ruwan yana idon sawu. Yaya tana da nata injinan da za ta ceta, amma ta ware mini mutum huɗu daga cikin ma'aikatanta. Na ce wa Dawud ya gaya mata ba dole ba ne, ta riga ta sayar. Ta amsa ba ta ko dube ni ba, tana naɗe ƙafar wando. Dawud ya ce, "Ta ce ta sayar, amma har yanzu a gidanta yake."

Gangar jikin injin ba mai iya ɗaga ta sai motar ɗaga kaya. Don haka muka bi abin da ruwa zai kashe. Muka kwance akwatin wuta, wanda shi ne ƙwaƙwalwar injin, ina yi wa kowace waya alama da fenti. Muka kwance moto. Muka ɗaura su a sarƙa muka ja su zuwa hawa na sama, mol-mol ɗin ma haka, ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai mutum uku sun yi nishi. Abin da ya rage na lafta masa giris har sai da gwangwanayen suka ƙare, na toshe bakin tankin mai da roba da leda. Muna yi ruwa na hawa. Ya zo gwiwa, ya zo cinya. Wani daga cikin ma'aikatan ya ce an ce kadoji sun tsere daga gonakin da ake kiwonsu, sai kowa ya yi dariya, amma daga nan ba wanda ya ƙara taka inda ba ya gani ba tare da ya fara zura sanda ba. Da muka gama ruwa ya kai ƙugu, motar Dawud ba ta fituwa. A cikin manyan bahon roba na kamfanin muka fito, muna tuƙi da katako, ni da tsufana a zaune cikin baho kamar jaririn da za a yi wa wanka.

Na isa otal da laka har wuya. Alhaji ya dube ni ya ce, "To yanzu yaushe za a loda?"

Bai ƙara kwana uku ba ya hau jirgi, wai harkoki na jiransa. Ni ya bari da inji a ƙarƙashin ruwa. Makonni ruwan nan yana kwance. Dawud ya sama mini wurin kwana a unguwarsu kusa da masallaci, kullum muna cika buhunan yashi tare da jama'ar unguwa, ana raba shinkafa a kwalekwale. Tsakanin yatsun ƙafata ya ruɓe, har yau in damina ta yi sai ya tashi. Da ruwan ya janye muka koma. Warin wurin ba zan iya kwatanta muku shi kuna shan shayi ba. Na wanke injin nan gaɓa-gaɓa da kananzir, na bi tsatsa da sanfefa, na busar da abin da zai busu, na mayar da akwatin wuta da moto. Ranar da na tada shi ya ɗauka, Yaya da ta yi asarar fiye da rabin kamfaninta ta zo ta tsaya tana saurare, ta gyaɗa kai, ta koma kwasar laka.

Kafin kwantena ta iso Kano kasuwar kaka ta wuce. Ma'aikatan Challawa sun watse. Wasu sun tafi Legas acaɓa, wasu sun koma gona. Malam Buba, mutumin Gumel, wanda ya fi kowa iya tuƙa injin silifa a layin, ya jira har ya sayar da kekensa, sannan ya kwashi iyali ya koma gida. An aika masa ya dawo, ya ce ya gode. Shi kuwa Alhaji Sabo, duk majalisar da ya zauna sai ya ce Hamisu ya kai shi ya sayo injin da ya nutse. Shekara guda cur ba wanda ya neme ni rakiya. Na koma shifti a Bompai, ƙarƙashin wani da ni na koya masa riƙe sifana. Injin kuwa yana nan a Challawa yana aiki har gobe. Da mutane suka ga shekara ta zagayo bai tsaya ba, sai suka fara dawowa neman rakiyata ɗaya-ɗaya, kowa yana yi kamar bai taɓa jin komai ba.

Bayan wasu shekaru aka gayyace ni ɗaurin aure a Hotoro. Ana zaune a rumfa ana jiran liman, sai na ji muryar Alhaji Sabo a sahun gaba, manyan mutane sun kewaye shi. Labarin ambaliyar yake bayarwa. Wai ruwa har ƙirjinsa, wai kada ya wuce ta gabansa yana kallo, wai shi da kansa ya ɗauki moto a kafaɗa ya hau bene da shi, mutanen ƙasar suna ta mamakin ƙarfin Bakano. Ana ta salati. Sai ya hango ni, ya ɗaga hannu.

"Yauwa, ga ma wanda na tafi da shi. Hamisu, ko ba haka aka yi ba?"

Duk rumfar ta juyo. Na cire goron da ke bakina na ce, "Alhaji, ruwa kam an yi shi, kuma har ƙugu ya kai. Amma ku inda na bar ku, a hawa na sama na otal ne, kuna faɗa da ma'aikaci don ya kawo shayi ba madara."

Sai wani dattijo a gefe ya tuntsire da dariya har ya sarƙe, aka shiga bubbuga masa baya. Alhaji ya tattara babbar rigarsa ya ce zai je ya sabunta alwala. Har aka shafa fatiha bai dawo ba. Yanzu in muka haɗu a masallacin Juma'a, sahu yake canjawa.